Talibambam Ba Ya Cizo

Litinin, da hantsi

Ni ce Hajara, matar marigayi Malam Zakari kafinta, nan Hayin Banki, wadda yara ke ce wa Inna Mai Ƙuli. Ba ni ke rubutun nan ba. Allo kaɗai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Sa'adiya ce riƙe da biro, matar ɗana. Na ce mata abin da ya fito bakina shi za ta sa, kar ta gyara mini Hausa.

Likitar da muka kai shi wurinta ita ta ce a riƙa rubuta abin da ya ci, da barcinsa, da ko ya yi magana. To ga nata: jiya bai ci ba. Barci, Allah ne masani. Magana babu. Sauran abin da zan faɗa nawa ne. Ranar komawa a yage mata nata, a bar mini nawa.

Sa'adiya ta tambaye ni wane suna za ta sa a saman shafi. Na ce ta sa "Shi". Ɗan fari ne. Tun da aka yanka ragonsa ban taɓa kama sunansa ba, ba kuma don wata likita mai gilashi zan fara ba. Ita ma ba ta faɗa, miji ne, Abban Rukayya take cewa. Gida guda, mata biyu, ba mai kiran sunan mutum. Haka muka taras.

Talata, bayan Azahar

Ya kurɓi koko. Ƙosan bai taɓa ba.

Tun da aka dawo mana da shi bai tsaya a tsakar gida da rana ba. Ban-ɗaki ma sai ya leƙa ya ga ba kowa. Mutumin da ke wuni a rumfarsa a Kawo yana kwance wayoyin mutane yana ɗaurawa, baki kamar rediyo. Yanzu ya saki labule ya zauna.

Hukumar da ta tsare shi ta ce kuskure ne. Wata waya ce aka kawo masa gyara, iyakar abin da aka gaya mana ke nan. Kuskuren da ya ci wata biyu, ya ci haƙori, ya ci rumfa da duk abin da ke cikinta. Ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba. Na ga bayansa ranar da ya cire riga, ya ishe ni.

Unguwa kuwa ba wanda ya shigo barka. Ranar da ubansa ya rasu har bakin titi aka shimfiɗa tabarmi. Yanzu ƙulina na nan a faranti har ya yi sanyi. Halima maƙwabciyata, wadda taɓaryata ke ɗakinta tun azumi, in ta hango ni sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Akwai wata kalma da suke kiransa da ita. Ba za ta shiga littafin nan da bakina ba. Rukayya, 'yarsu, mun kai ta Kinkinau wurin iyayen uwarta, don yara sun fara rera mata kalmar a hanyar Islamiyya.

Abu ɗaya ya rage masa. Wani ɗan akwatin gem na wasan yara, kamar sabulun wanki, wani ya kawo gyara bai zo ya karɓa ba. A gida ya kwana, shi ya sa ba a kwashe da shi ba. Shi yake dannawa. Ɗit-ɗit-ɗit. Ƙato da gemu. Da ubansa na da rai da tuni abin ya faɗa masai. Ni na ƙyale, don ƙarar ce ke gaya mini yana numfashi.

Laraba, da yamma

Bai ci ba. Ɗit-ɗit-ɗit.

Alhamis, bayan La'asar

Na shiga ɗakin da tsintsiya, wai shara. Ɗakin da Sa'adiya ta share da safe. Bai ɗago ba. Na zaga ta bayansa na leƙa akwatin.

Wani ɗan mutum ne kamar ƙwayar gyaɗa, yana tafe cikin kogo mai ruwa. Jemage ya kawo masa sura, ya buge shi. Ƙaguwa ta taso, ya buge ta. Kowannensu da jan ɗigo a bisa kai. Sai ɗan mutumin ya iso wani tafki ya ja ya tsaya. A cikin ruwan ga wasu baƙaƙen abubuwa, kai ƙato, wutsiya siririya, idanu farare kamar na wanda aka tasa daga barci. Suna ta kai da kawo, suna gware da juna. Su ma da jan ɗigon.

Na ce, "A'a! Talibambam!"

Ban san maganar ta fito ba.

Ya ce, "Ba ya cizo."

Muryar ta dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na tsaya na ji ko da ƙari. Babu. Na share ƙarƙashin gadon da ba datti na fito.

Sa a na likita: ya yi magana. Kar ki sa abin da ya ce, za ta ƙara masa ƙwaya.

Juma'a, bayan an sauko

Yahya ya zo, ƙanin mijina na Badarawa, mai sayar da katako. Tun ina amarya muke tsokanar juna, yau dai bai zo da wasa ba.

"Matar Yaya, ina yaron?"

"Yana inda ka bar shi."

"Bai je masallaci ba."

"Ƙirgen sahu ka je ko salla?"

Bai yi dariya ba. Ya ce a majalisar bakin masallaci har yanzu infoma suke ce masa. Rubuta, Sa'adiya, bakinsa ne ba nawa ba. Wai shi ke kai wa mutanen daji labarin masu hali. Ya ce takardar sallama ba ta wanke mutum a teburin mai shayi. Shawararsa a kai shi ƙauye can bayan Soba wurin dangi, ya yi noma har mutane su manta.

Na ce, "Ba a mantawa da wanda ya gudu. Cewa za su yi, kun gani ko?"

Ya ce, "To zaman ɗakin nan fa? Gara gona da kabari mai labule."

Nan ya kama ni.

Ya ce, "Juma'ar ƙarshen wata zan zo da mota. In ya fita ƙofar gidan nan da ƙafarsa, da rana, a idon mutane, na janye maganata. In ba haka ba, a haɗa masa kaya."

Shi ne uba yanzu. Na ce Allah ya kai mu. Ya cika aljihu da ƙuli bai tambaya ba, yadda ya saba.

Sa'adiya na kuka tana rubutun nan. Na ce ta share, takarda na jiƙewa. Amma ni ma na sani, hannun da ya saba da ɗan sukurun waya in aka ba shi fartanya aka ce ɓuya ya zo yi, jiki ne kawai zai dawo. In ya dawo.

Asabar, ana ruwa

Ruwa tun asuba, ba ciniki, ba fita. Bari in ba ki labari, ke ba a haife ki ba.

Yana ɗan shekara shida ko bakwai, da damina irin wannan, ya shigo da gudu da gwangwanin madara. "Inna, na kamo tarwaɗa! Jarirai ne, za su girma mu yi miya!" Na leƙa, talibambam ne, 'ya'yan kwaɗi da ba su yi ƙafa ba. Na buɗe baki zan faɗa, ubansa ya ƙifta mini ido. Ya ce, "Lallai ka yi kamu. Yi kiwo, mu gani."

Ya zuba su a tsohuwar randa, kullum yana kai. Har ya raba su: wannan na Baba, wannan na Inna, babban na liman. Ran nan sai ga shi yana ihu, kifinsa sun yi ƙafa. Ba a kwana biyu ba tarwaɗa suka yi tsalle suka bar randa. Ya yi kuka har da birgima. Ubansa ya yi dariya har ya sare yatsa da zarto. Daga nan ya sa masa Talibambam, dama ga kai ƙato ga ƙafa kamar tsinke.

Ni sunan ya yi mini daɗi, don ya ba ni abin kira. Da ya yi aure na daina, na koma "kai" da "wancan".

Lahadi, bayan Magariba

Ya ci rabin malmala da miyar kuɓewa. Ban nuna na gani ba.

Talata, da hantsi

Yau ban ɗauki tsintsiya ba, kujera na ɗauka. Na zauna ina ɓarar gyaɗa. Yana wurin tafkin nan, bai wuce ba.

Na ce, "Jan ɗigon nan na mene ne?"

"Alamar maƙiyi."

"Ka ce ba ya cizo."

"Ba ya yi."

"Harbi fa? Dafi?"

"Babu. Ko ka kwana a cikinsu. Bugu ɗaya yake mutuwa."

"To uban wa ya sa masa ja?"

Can ya ce, "Haka aka rubuta shi."

Ya ce gem ɗin kashi-kashi ne, an yi na farko, an yi na biyu, har na huɗu, duk ya taɓa bugawa a rumfa in ba aiki. Kowanne da talibambam a ciki, bai taɓa yi wa kowa komai ba, kuma ba su taɓa cire shi daga cikin maƙiya ba. Ya nuna mini wata ƙofar ƙarfe a bayan tafkin. Ba ta buɗewa sai an gama da duk mai jan ɗigo.

Na ce, "Shi ya sa ka tsaya?"

Ya juya mini baya.

Magana mai yawa ke nan, ta fi ta duk watan. Na fito na tarar Sa'adiya laɓe a bakin taga da muciya a hannu, tuwo na ƙonewa.

Alhamis, bayan Azahar

Na yi ɓarna. Rubuta haka.

Ya shiga wanka ya bar abin a kan katifa a kunne. Na ɗauka. Suna nan suna gware, abin tausayi, kullum a ruwa ba wanda ya taɓa jefa musu ko dusa. Na taɓa ganin in ya danna wani maɓalli sai wasu 'yan ƙwayoyi su fita daga hannun ɗan mutumin. Na ce to, tsaba ce. Na danna. Na ga sun taru. Na ce Allah sarki, yunwa. Na yi ta dannawa kamar ina watsa wa kaji.

Sai na ga suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, ɓus, ɓus. Kiɗa ya tashi. Ƙofar ƙarfen nan ta wangale.

Ashe duwatsu ne.

Na fito tsakar gida da shi a hannu ina kiran Sa'adiya ta zo ta gyara, sai ga shi da bokiti. Ya karɓa. Ya duba. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba.

"Inna, me kika yi? Me suka yi miki? Ba su yi komai ba! Ba su yi wa kowa komai ba! Na gaya musu, na gaya musu, na ce ku duba littafin rumfa, na ce ku tambayi kowa a Kawo, na gaya musu tun ranar farko..."

Ya faɗi wasu abubuwa bayan nan. Ɗaga biron, Sa'adiya. Waɗannan ba na takarda ba ne. Kin ji, na ji, katanga ma ta ji, don na ga kan Halima ya nutse.

Ya durƙusa a bakin rijiya, rana na dukansa, ruwa na ɗiga daga gemu. Ban taɓa shi ba, ban iya wannan ba. Na tsaya dai ta inda rana take, inuwata ta rufe shi, har ya tashi ya shige.

Juma'a, da safe

Bai ci ba. Ba ɗit-ɗit.

Asabar, da yamma

Shiru. Ashe ƙarar nan da nake tsaki a kanta ita ke riƙe da gidan.

Lahadi, bayan La'asar

Ruwa kawai ya sha. Sa'adiya ba ta ce mini komai ba, gara ta zage ni. Yahya ya bugo, na ce mata ta ce ina ban-ɗaki.

Litinin, da hantsi

Na ɗauki rariya da tsohon bokitin fenti na fita. Akwai kududdufi a bayan Islamiyya inda aka ɗebi ƙasar bulo, duk damina sai ya cika. Na tattare zane na shiga, laka har ƙwauri. Gwiwar nan tana ta zagina.

Suna nan fal a gefe-gefe, baƙi ƙirin, sun yi ƙiba. Kamunsu sai ka rantse da wayo aka haife su. Na faɗi zaune sau ɗaya. Ina ɗagowa sai ga Halima a bakin hanya da ƙullin niƙa a ka.

"Inna Hajara, lafiya? Me ake nema a kwata?"

"Taɓarya na jefar, nake lalube."

Ta yi wuƙi-wuƙi. Ta matso ta leƙa bokitin. "'Ya'yan kwaɗi? Magani aka ce a haɗa?"

"E. Na masu leƙen katanga ne. A jiƙa a sha."

Ta tafi. Amma ta yi taku kaɗan ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Tun da abin nan ya faru yau ta fara tambaya.

Na dire bokitin a bakin ƙofarsa. Na ce da labulen, "Ga biyan waɗanda na kashe. Tarwaɗa ne, in sun girma mu yi miya."

Na tafi wanke laka.

Talata, bayan Azahar

Na gutsura tuwo zan jefa musu, sai na ji daga bayan labule: "Kar ki sa. Ruwan zai ruɓe."

"To me sarakan ke ci?"

"Alayyafo. A dafa ya yi laushi. Ba gishiri."

Ni da na yi shekara arba'in ina girki, yau ake koya mini dafa ganye. Na dafa. Hannu ya fito ta ƙarƙashin labule ya karɓa.

Alhamis, da hantsi

Ya ce ruwan famfo bai yi musu ba, sai na sama. Ya fito da kansa ya tara baho a bakin indararo. Ya ja bokitin zuwa gindin gwanda, ya ce ɗaki ya yi duhu. Su ɗakin ya yi wa duhu, ka ji.

Yana zaune a wurin Sa'adiya ta ajiye masa ɗanwake. Ya cinye yana kallon bokiti. Ta ƙaro. Ya cinye.

Juma'a, da yamma

Bai je masallaci ba. Amma ya aske gemu, ya yanke kansa wuri biyu.

Lahadi, da safe

"Inna, zo ki gani."

Ya kira ni. Rubuta wannan da kyau. Ƙafafun baya sun fito, ƙanana kamar zaren da ya tsinke a bakin zane. Na ce, "Tarwaɗarka ta sake cin amana." Ya yi wani abu da baki, gurbin haƙorin ya bayyana, ya yi maza ya rufe da hannu.

Na ce, "Bar shi a buɗe. Ni nawa nawa suka zube, wa ya mutu?"

Sa'adiya ta kai wa likita shafinta jiya. Wai ta ce ko me muke yi mu ci gaba. Ba ta san laka nawa na kwaso ba.

Laraba, bayan La'asar

Sun yi hannu, wutsiya na guntulewa. Ya sa musu ɓallin katako su riƙa hawa. Ɗaya ya yi tsalle ya faɗo waje, zakarana ya yi masa loma guda. Shi da zakara suka zaga rijiya sau biyu. Rabon da in ga gudunsa tun yana makaranta.

Ya dawo yana haki ya ce, "Ba za su zauna a nan ba kuma. Sai an mai da su ruwa. Sa'adiya ta kai su gobe."

Na ce, "Sa'adiya ba ta yi kiwo ba."

"To ke."

"Gwiwata ta biya nata."

Ya ce, "Zan kai bayan Isha'i."

Na ce, "Ɓarawo ke fita da kaya cikin duhu. Kai me ka sata?"

Ya rufe bokitin da rariya ya shige ɗaki. Na so in ce wani abu mai taushi, na laluba ban samu ba. Ba a saya mini irinsa ba.

Alhamis, bayan Magariba

Yahya ya bugo, gobe yana tafe. Sa'adiya ta haɗa jaka tana ɓoyewa a bayan ƙofa. Ya gani. Ya ci tuwo dai.

Juma'a, bayan La'asar

Zauna sosai, yau da tsawo.

Yahya ya iso ana saukowa daga masallaci, da motar ɗaukar katako. Ya faka ta daidai gindin dalbejiya inda majalisa ke zama, don kowa ya shaida. Ya shigo ya ce, "Matar Yaya, alkawari." Na ce ya zauna ya sha ruwa, mota ba ta da lalle a ƙafa. Ya ce hanya ba kyau, yana so su isa da haske.

Sai labule ya ɗaga. Ya fito da farar rigarsa ta Salla, ta yi masa yawa yanzu. Ya dubi jaka. Ya dubi bokiti. Wallahi ban san wanne zai ɗauka ba.

Ya ɗauki bokiti.

Ya ce, "Baffa, bari in kai waɗannan tukuna." Ya wuce zaure. Na jawo mayafi na bi shi, na tsaya a bakin ƙofa.

Majalisa cike. Ana ta hayaniyar ƙwallo, suna ganinsa aka yi tsit kamar an ɗauke wuta. Ya yi taku kamar goma. Sai wani ɗan iska mai gyaran babur ya faɗi kalmar nan, ƙasa-ƙasa, yadda za a ji a ce ba a ji ba.

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ina ganin ruwa na rawa a bokiti yana zuba a kan rigar. Kafaɗarsa ta fara juyowa gida. Na san in ya juyo, jaka ce.

Ba wanda ya yi masa magana. Mutanen da ya gyara wa waya kyauta, waɗanda suka ci tuwon sunansa, kowa ya sunkuya yana duba takalmi.

To sai na kira shi.

Ba "kai" ba, ba "wancan" ba. Sunansa na yanka, da na ubansa a haɗe, da muryar da nake tallan ƙuli ina yarinya. Har tantabarun gidan Halima suka tashi.

Kin ɗaga biro kina kallona. Bar gurbi, za mu dawo.

Ya juyo yana dubana kamar bai san ni ba. Na ce, "Wuce ka kai su! Kuma ka dawo mini da bokitina, kar ka bar shi a bakin ruwa yadda ka saba!" Sannan na juya wa 'yan majalisa na ce, "Ni uwarsa, da kunyar ɗan fari a kaina, na faɗa. Ku da ba ku haife shi ba, me ya riƙe muku baki?"

Malam Abdulrahman ladan ne ya fara tashi, da sandarsa. Ya je har gabansa, ya kira shi da sunan, ya ba shi hannu. Ya ce, "Sannu da fitowa. Me muka samu?" Ya ɗaga rariya, ɗaya ya yi tsalle ya maƙale masa a gemu. Tsoho ya saki sanda yana salati. Majalisa ta fashe. Ba duka ba. Mai gyaran babur ya tashi ya bar wurin, wasu biyu suka bi shi. Allah ya raka taki gona.

Ladan na kakkaɓe gemu yana cewa, "Dama ina nemanka. Lasifikar masallaci tun bayan tafiyarka take kukan akuya, in na ce Allahu Akbar sai ta ce me-e-e." Yaron ya ce masa zai duba gobe. Na ji da kunnena. Gobe, ya ce.

Ya wuce kududdufi, yara na biye da shi suna roƙon a ba su ɗaya.

Yahya ya dube ni ya ce, "Matar Yaya, yau kin zubar da kunyar shekara talatin a kan titi."

Na ce, "Ba zubarwa na yi ba. Tarawa nake tun da aka haife shi, yau na kashe ta inda take da amfani. Ɗauke akwalar motarka, ka tare wa mutane iska."

Asabar, da hantsi

Ya ci. Ya yi barci har da minshari. Magana kuwa ta fara yawa. A gaya wa likita, daga yau ta nemi wani aikin.

Ya tafi masallaci da ɗan sukudirebansa. Rumfa babu, wasu har gobe ba za su gaishe shi ba, dare kuma wani lokaci yana firgita. Na sani. Ba a yin ƙafa huɗu rana ɗaya.

Littafin ya kusa cika, kuma ni ba yarinya ba ce. Rubuta waɗannan kar a yi gardama bayana.

Halima: taɓaryata. Ta aiko da kunu jiya, na karɓa, amma kunu ba taɓarya ba ne. Ta kawo da ƙafarta, ta shigo, ta gaishe shi ido da ido.

Yahya: man motarsa shi ya jiyo. Amma shi kaɗai ya tako gidan nan lokacin da kowa ke zagaye mu. A riƙa ba shi ƙuli, kar a ƙirga.

Iyayen Sa'adiya: a je Kinkinau yau a ɗauko Rukayya. Ubanta zai je, da rana, a Keke. A kai musu man gyaɗa kwalba guda.

Mai akwatin gem: ko waye, in ya zo a ba shi abinsa, kar a karɓi ladan gyara. Ya biya.

Ladan: a wanke masa gemu, mu muka jawo.

Ni: ina da alhakin talibambam na cikin gem. Ya ce in aka sake daga farko duk suna dawowa, da jan ɗigonsu. To a sake. Wannan karon a riƙe mini hannu.

Sa'adiya: ke ce kike bin kowa a gidan nan, har ni. Ba ni da abin biya. Rubuta, kar ki tsallake, ina kallon biron.

Shi kuma bai dawo da bokitina ba. Na faɗa, a bakin ruwa ya bar shi.

Saura ɗaya. Koma shafin farko inda muka sa "Shi", ki soke. Kar ki ce mini kunya, ni ma na yi. Ba faɗa za ki yi ba, rubutawa za ki yi, kuma bakina ne. An rubuta shi a wani wuri ba daidai ba, a nan za a rubuta shi daidai.

Inuwa. Inuwa Zakari.

Ƙara girman baƙin, idona ba ya gani.